Kansila

Ran Lahadi rabin Kumasi na coci,
titin Aboabo ya huta da hon.
Sai in lulluɓe keken ɗinki da zani,
in ɗau gorata da fatsa
da gwangwanin madara cike da tana
da na tono a gindin famfon masallaci.

Kududdufin ba shi da suna.
Rami ne da 'yan kwangila suka kwashi jar ƙasa,
suka manta da shi bayan garejin Mumuni.
Ruwan sama ya cika shi, kwata tana yi masa gyara.
Baƙin mai na kwance a kansa da launi bakwai,
kamar bakan gizo ya faɗo ba wanda ya ɗaga shi.
Taya uku. Silifa, ƙafar hagu.
Ledojin ruwa sun yi sahu a gefe
kamar masu jiran mota.

Kakana Basarke ne, in ji manya, daga Yawuri.
Goro ya kawo shi, mace ta zaunar da shi.
An ce ya taɓa fito da giwan ruwa
da sai da ƙarti huɗu suka yi masa kama-kama.
Ga jikansa a kan bulo
yana su inda ake wanke inji.
In yana gani, Allah Ya ba shi haƙuri.

Maame Serwaa mai dokunu takan tsaya da faranti a ka:
"Tela, yau ma? Ruwan da akuya ta ƙi?"
In ce mata ba ci zan yi ba.
Ta ce to abin ya fi muni,
ta wuce tana yi mini dariya da harshen Asante.

Abin da nake zuwa nema bai kai ƙiftawar ido ba.
Toton da na ɗaura ya yi rawa,
ya nutse,
wani mai rai a ƙarƙashin dattin gari
ya ja ni, na ja shi.
Kwana shida zare na bin umarnina a shago,
ran na bakwai ya yi mini gardama.

Akwai wata tarwaɗa.
Ido ɗaya ya yi fari, gashin baki ɗaya ya gutsure,
warinta warin rigar makaniki.
Mumuni ne ya raɗa mata Kansila,
wai ba ta leƙowa sai ta hango abin baka,
ta haɗiye, ta ɓace sai wani zagayen.
Sau huɗu na kama ta, sau huɗu na mayar.
Na biyar ita ta kama ni:
ƙayarta ta bar mini tabo a babban yatsa,
sati guda ina ɗinki da hannun aro.

Shekaranjiya aka kafa allo, gidan mai na nan tafe.
Tifa ta zo ta yi amai, ta koma, ta dawo.
Kafin la'asar ruwan bai fi tabarma biyu ba,
kwaɗi sun tsallake titi ba sallama.

Na naɗe wando na shiga.
Kwalba ta gaishe ni a diddige.
Na laluba cikin taɓo da hannu biyu,
ban san ko haka Sarkawa suke yi ba,
har wani santsi mai ƙarfi ya murɗa a tafina.

Na sa ta a bokitin fenti da ruwan famfo,
ta kwanta shiru kamar baƙuwa a gidan masu kuɗi.
Sai da na ɗebo mata kofi ɗaya na ruwan gidansu
sannan ta kaɗa wutsiya.

Yanzu muna cikin mota, mun nufi kogin Ofin.
Ban san ko ruwa mai gudu zai karɓe ta ba,
ko ita za ta karɓe shi.
Yaron mota ya leƙa bokiti, ya dube ni,
ya ce wannan ma ta ci kujera.

Na biya na mutum biyu.